Ga uwar da ke son saka ɗanta a tallan kaya: ga abin da na gani a shekara uku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan sammin fili ko da zan ja zance, dan maganar ta daɗe tana cina. Kwanakin baya na karanta wasiƙar wata baiwar Allah a wannan shafi tana tambayar yadda za ta saka ɗanta a harkar tallan kaya, modelin ɗin nan da ake cewa, wai duk wanda ya ga yaron sai yace kai wannan ai ɗan talla ne. Na jira in ga ko wani zai amsa mata, shiru. To ni dai ba gwana bace, ban karanci harkar a ko'ina ba, uwa ce kawai da ta kwashe shekara uku tana jan hannun 'yarta daga wannan situdiyo zuwa wancan, na ga daɗi na ga wuya, an kuma taɓa yi min sakiyar da ba ruwa, shi yasa nace bari in zauna in rubuta mata.

Auta tana da shekara shida lokacin. Na saka hotonta a Instagram ranar da ta cika shekara, kwana biyu sai ga saƙo wai daga wata ejensi, irin masu samo wa yara aikin talla, wai sun ga hoton kuma irin fuskar da kamfanoni ke nema kenan, mu zo tantancewa ranar Asabar. Malam Edita ba zan ɓoye maka ba, ranar ko barcin kirki ban yi ba dan murna, na tura wa yayata saƙon, na tura wa ƙawayena, har na fara hango 'yata a allon talla a bakin titi. Muka je muka tarar da ɗaki cike da iyaye da yara, kowa ya ci ado, ana kiran yaro ya shiga ya juya ya yi murmushi ya fito. Abin da ya kamata ya farkar da ni shi ne duk yaran nan babu ko ɗaya da aka ce bai dace ba, kowa ya ci. Amma so hana ganin aibi, ni a raina cewa nake ai tawa ta fi nasu, su dai an tausaya musu ne. Daga nan aka fara lissafi, kuɗin rajista, kuɗin hoto kuma dole sai wajen mai hotonsu, kuɗin koyon tafiya na sati shida, kuma wai yau ne kaɗai ake da ragi, gobe gurbi ya cike. Na kira maigidan yace min, ke aikin da za a biya ki yaya za a yi ace ke za ki fara biya? Nace mishi shi dai bai san yadda harkar take ba. Na kwashi ɗan abin da nake tarawa na ba su.

Hotunan da suka ba mu har yau suna cikin durowa, kunyar nuna su nake. Sun shafa wa yarinya 'yar shekara shida hoda da jan baki, sun ja mata gira, sun saka filta har sai da ta koma kaman wata babbar mace da ban sani ba. Kakarta da ta gani cewa tayi wannan 'yar wace ce? Bayan nan wata ɗaya shiru, wata biyu shiru, in na kira ace min ana nan ana nema mata, a wata na huɗu lambar ta daina shiga, shafin ma ya ɓace.

Sai daga baya na gane abin da ya kamata in sani tun farko, kuma 'yar'uwa in ba ki riƙe komai a wasiƙar nan ba ki riƙe wannan. Ejan na gaskiya dillali ne, da la'ada yake ci. Sai ya samo wa yaro aiki, kamfani ya biya, sannan ya cire kasonsa, yawanci tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ya miƙo sauran. In yaro bai yi aiki ba shi ma bai samu ko sisi ba, dan haka ba zai ɗebi kowa da kowa ba, wanda yake ganin zai iya samo wa aiki kaɗai zai ɗauka. Wanda kuwa ya karɓi kuɗinki tun a bakin ƙofa ai ya riga ya ci ribarsa, me kuma zai sa ya wahalar da kansa? Kuma kar ki ɗauka mu kaɗai ake yi wa haka. A Amurka hukumar kare masu saye ta gwamnati, FTC, ta daɗe tana jan kunnen mutane kan masu damfara da sunan modelin, alamomin da take lissafawa kuwa kaman a ɗakin nan aka zauna aka rubuta su, kuɗi tun kafin aiki, dole sai mai hotonsu, alƙawarin aiki tabbas, da matsin lamba a biya yanzu yanzu. A Ingila ma tun 2010 doka ta hana ejensin masu tallan kaya karɓar kuɗi a gaba da sunan za su nemo wa mutum aiki.

Na so in haƙura gaba ɗaya, ita yarinyar ce ta dame ni da tambayar yaushe za a kuma ɗaukarta hoto. Wannan karon na bi a hankali. Na duba kayan yara da ake tallatawa, na bincika ta hannun wa kamfanonin suke samun yaran, na nemi iyaye biyu da 'ya'yansu ke ƙarƙashin ejensin da na gano na tambaye su ko ana biyansu da gaske, kuma bayan wata nawa. Abin da ejensin suka nema ya ba ni mamaki saboda sauƙinsa. Hoto uku ko huɗu da wayata, a jikin farin bango, da hasken rana, fuska ɗaya tana murmushi ɗaya ba murmushi, sai na tsaye gaba ɗaya, ba kwalliya ba filta ba tabarau ba hula, kaya marasa hayaniya. Sai tsawonta, lambar takalmi, lambar riga, ranar haihuwa. Shikenan. Sun ce kar in kashe kuɗi wajen mai hoto dan yaro nan da wata shida ya canza kama, gara in riƙa sabunta musu hoto da awo duk bayan 'yan watanni.

Da suka kira mu, matar da ta gan mu ko kallon kirki ba ta yi min ba, ta durƙusa daidai tsawon yarinyar ta hau hira da ita, me kike so a makaranta, wace ce ƙawarki, iya tsalle da ƙafa ɗaya, yi fuskar wanda aka ƙwace wa abin wasa. Ni ina gefe ina ta ƙoƙarin amsa mata, matar ta ɗaga min hannu tace Maman auta bari ta faɗa da bakinta. Daga baya take gaya min wai yara masu kyau sun yi yawa a duniya, abin da ke wuyar samu shi ne yaron da ba ya ɓuya bayan uwarsa in ya ga baƙo, mai jin magana sau ɗaya, wanda za a ce sake ya sake har sau goma bai fashe da kuka ba. Tace kuma da yawan lokuta awo ne ke yanke hukunci, kamfani ya ɗinka samfurin kaya lamba ɗaya, wanda kayan suka zauna wa shi za a ɗauka ko da wani ya fi shi kyau nesa ba kusa ba.

Zuwa tantancewa shi ne abin da babu wanda ya gaya min wahalarsa. Saƙo zai zo da yamma ace gobe ƙarfe kaza a wuri kaza, ki ajiye aikinki, ki nemi wanda zai kula da sauran yara, ki biya kuɗin mota daga aljihunki, ki je ki zauna awa biyu wani lokacin uku a layi, a shiga da yarinya minti biyu a fito ace mun gode za mu neme ku. Kuma ba sa nema. In ba a ɗauke ki ba babu mai kira ya gaya miki, shirun nan shi ne amsar. Mu dai a shekarar farko a cikin zuwa goma da kyar ake ɗaukarta sau ɗaya, in na haɗa kuɗin mota da ranakun aikin da na rasa, abin da ta samu bai rufe ba. Duk wadda za ta shiga dan tana ganin hanyar arziki ce gara tun wuri ta nemi wata sana'ar. Ga makaranta kuma, aiki ba ya duba jadawalin darasi, mu dai muka yanke cewa lokacin jarabawa ko wane kamfani ne a ba shi haƙuri.

Wata rana muna dawowa daga tantancewa ta biyar a jere da ba a ɗauke ta ba, tana zaune a gefena a mota tana wasa da igiyar jakata, sai kawai tace, Mama ni mummuna ce ko? Wallahi sai da cikina ya juya. Ashe duk lokacin da nake duba waya ina tsaki tana kallona, ashe ta gane me ake jira kuma ta gane ba a samu ba. Tun daga ranar na daina gaya mata wai za a zaɓa, cewa nake za mu je a yi wasan hoto mu dawo, in an kira to, in ba a kira ba ba na ko tada zancen. Na kuma bayyana mata maganar awo, nace kin ga kaman takalmi ne, in bai shige ki ba ai ba ƙafarki bace mai laifi. Ta gane wannan fiye da duk wani lallashi.

Ranar aikinta na farko kuwa ba zan manta ba, kayan makaranta ne da rigunan sanyi na wani kamfani. Rigunan sanyi a tsakiyar zafi, dan ana ɗaukar hoton kaya watanni kafin lokacin saka su ya zo. Ga fitilu manya manya suna gasa mutum, ga yarinya cikin jibgegiyar riga ana cewa tayi dariya kaman tana jin daɗi. Ta gaba kayan sun zauna cif, in ka zagaya baya kuwa duk an maƙale su da filoli da 'yan maƙalai kaman na shanya. An manna salatif a ƙasan takalman dan kar su yi datti saboda za a mayar, ruwa ma da bututu ake ba ta kar ya ɗiga a riga. Ta canza kaya sau tara. Tsakanin kowane canji akwai jira, a gyara fitila, a goge kaya, a yi gardama a gaban kwamfuta, dan haka ki tafi da littafin zane ko wani abin wasa mara ƙara. Abin dariya, daren da za a yi aikin haƙorinta na gaba ya fita, na kwana ina juyi, da asuba na kira ejan ɗin murya na rawa, tace yauwa gara da kika faɗa, ta kira kamfanin, su kuma suka ce ai giɓin ma ya fi musu. Amma ta gargaɗe ni cewa ko aski aka yi wa yaro ko ya ƙuje a fuska a sanar kafin a zo, dan hoton da suka gani shi suka saya.

Maganar awowin aiki ma ki tambaya tun kafin ki fito daga gida, awa nawa, hutu nawa, in an wuce lokaci wa zai biya. Akwai ƙasashen da doka ta tsaya kan wannan sosai. A jihar Kalifoniya ta Amurka jaririn da bai kai wata shida ba minti 20 kacal aka yarda ya yi aiki, zamansa a wurin gaba ɗaya kar ya wuce awa biyu, shi yasa masu fim da talla ke rububin tagwaye, in wannan ya gaji a ɗauko wancan. A Ingila yaron da bai gama shekarun makarantar dole ba sai an nema masa lasisi daga ƙaramar hukuma kafin ya yi tallan da za a biya, kuma dole akwai uwa ko uba ko wani mai kula da hukuma ta amince da shi a tare da yaron. Jihar New York sai a 2013 ta shigar da yara masu tallan kaya cikin dokar da ke kare yara 'yan wasa, kafin nan suna can gefe. Ki bincika me dokar inda kike ta ce, in kuma babu mai tsaya wa yaron to ke ce dokar, in kin ga ya gaji ki tashi tsaye kice a huta, ba roƙo bane.

Kuskurena na biyu a takarda na yi shi. Aiki na uku ne, mun same shi kai tsaye ba ta hannun ejan ba, aka miƙo min kwantiragi shafi huɗu ana cewa Madam sa hannu nan da nan mu fara, ni kuma kunya ta hana ni cewa bari in karanta. Ashe a harkar nan kuɗi iri biyu ne, akwai na ranar aiki, akwai kuma na amfani da hoton, a ina za a saka shi, a wace ƙasa, na tsawon wane lokaci, a takardar talla kaɗai ko har allon titi da talabijin da intanet. Ni kuwa na sa hannu a kan ko'ina, ta kowace hanya, har abada, har da izinin su ba wa wani. Bayan shekara biyu wata ƙawata ta turo min hoton auta a jikin tallan wani kaya da ko sunansa ban taɓa ji ba, na je da faɗana aka buɗe min takardar aka nuna min sa hannuna. Na dawo gida jiki a sanyaye. Abin da ya fi damuna ba kuɗin bane, tunanin da nake yi shi ne yarinyar nan wata rana za ta kai shekara ashirin, wataƙila ba ta son fuskarta a can, kuma ni ce na sayar ba tare da ta san me ake ciki ba. Faransa ta yi doka a 2020 kan yara 'yan ƙasa da shekara 16 da ake samun kuɗi da bidiyonsu a intanet, a ciki har an ba yaro damar ya nemi a goge abin da aka saka nasa ko iyayensa ba su yarda ba. Da na ji haka nace lallai wani ya yi tunanin da ni uwa ban yi ba. Yanzu ko shafi goma ne sai na karanta, in ban gane ba in ɗauki hotonsa in tura wa wanda ya san doka, su jira.

Sai maganar da ba a son yi amma dole a yi ta. Duk inda yara suke taruwa akwai miyagu da ke raɓewa. Ni ƙa'idata ɗaya ce kuma ban taɓa sassauta ta ba, idona ba ya barin kan 'yata. In an ce iyaye su jira a waje saboda yara sun fi sakewa, sai ince to a bar ƙofa a buɗe ina hangota, in an ƙi mu kama hanya. Canza kaya ni ke shiga da ita, a wuri mai labule ko ƙofa. Kayan da za ta saka ina ganinsu tun kafin ranar, wanda bai kwanta min ba ba za ta saka ba, haka tsayuwa ko kwalliyar da za ta mayar da yarinya kaman babba. Duk wanda ya turo saƙo ta bayan fage yana neman ƙarin hotunan yaro, ko yace a kawo shi gidansa ko ɗakin otal, ko yana son lambar yaron shi kansa, ba a gardama da shi, a toshe shi a kai ƙararsa. Shafin da nake saka hotunanta ni ke riƙe da shi, ba na saka ta da kayan makarantarsu mai bajo, ba na nuna ƙofar gida, ba na faɗin inda muke sai mun bar wurin, na kuma kashe abin da ke manna wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi a waya. Na koya mata cewa in wani abu bai mata daɗi ba ta faɗa da ƙarfi ko a gaban wa, ba za a ce tayi rashin kunya ba. Su kansu manyan kamfanonin sun fara jin kunya, a 2017 Kering mai Gucci da LVMH mai Dior suka amince ba za su ƙara saka 'yan ƙasa da shekara 16 su tallata kayan manya ba, a 2019 Kering ta ƙara da cewa daga 2020 sai mai shekara 18. Yaro ya tallata kayan yara, magana ta ƙare.

Kuɗin kuma na wa ne? Nan ne ake samun saɓani ko a cikin gida ɗaya. Akwai wani yaro a Amurka, Jackie Coogan, da ya fito a fim tare da Charlie Chaplin a 1921 ya zama yaron da ya fi kowane suna a zamaninsa, ya tara miliyoyin daloli. Da ya girma ya nemi kuɗinsa sai ya tarar uwarsa da mijin uwar sun cinye kusan duka, a 1938 ya kai su kotu, abin da ya samu ɗan kaɗan ne. Sanadiyyarsa Kalifoniya ta yi doka a 1939 da har yau ake kiranta da sunansa, a yadda take yanzu dole a ware kashi 15 cikin ɗari na abin da yaro ya samu a zuba a asusun da babu mai taɓawa sai ya kai shekara 18. Ki lura fa, uwar da ta haife shi ce. Na tabbata ita ma da farko ba ta ce bari in cuci ɗana ba, yau a taɓa kaɗan dan wata buƙata, gobe a ce ai ni ke wahalar kai shi. Ni kaina na taɓa ranta a kuɗin auta lokacin da abubuwa suka ɗan matse, sai da na fi wata biyar kafin in mayar. Tun daga nan muka buɗe mata asusu da sunanta, ina cire kuɗin mota kawai in rubuta a littafi, sauran ba na gani balle in yi sha'awa. Ki sani kuma kuɗin ba ya zuwa ranar aiki, sai a yi wata biyu ko uku ana jira.

Amma Malam Edita duk wannan ba shi ne ya sa na ɗauki biro ba. Abin da ya sa ni rubutu wata rana ce a bara. An ɗauke ta babban aiki, mafi girma da ta taɓa samu, har na riga na gaya wa dangi. Da safe na tashe ta tace ita ba za ta je ba, ƙawarta na bikin cika shekara kuma ta yi alƙawarin zuwa. Na lallashe ta, na yi mata alƙawarin abin wasa, da abin ya ƙi na daka mata tsawa nace kin san wahalar da na sha kafin a samu wannan? Ta saka kaya tana sheshsheƙa muka tafi. A gaban kyamara ta yi duk abin da aka ce, ta tsaya, ta juya, ta buɗe haƙora, amma idon nan babu kowa a ciki. Mai hoton, wani dattijo mai furfura da bai cika magana ba, ya ɗauka ya ɗauka ya duba kwamfuta ya girgiza kai, sai ya kira ni gefe yace a hankali yadda ba wanda zai ji, Hajiya yau wa ke son hoton nan, ke ko ita? Ban iya ba shi amsa ba. Na koma kujera na zauna ina kallonta cikin fitilun nan, sai na tuna ni ce tun ina yarinya nake yanke hotunan mata masu ado a mujalla ina liƙawa a bango, ni ce nake ƙirga masu danna so a ƙarƙashin hotonta da tsakar dare, ita tana can tana barcinta. Maigidan ya sha faɗa min a fakaice ina cewa baƙin ciki yake. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ce a saurari ra'ayin yaro a abin da ya shafe shi, ta ce yana da haƙƙin hutu da wasa, ni kuwa da nake ta tsare ta daga 'yan damfara da miyagu, ranar nan daga ni ya kamata a tsare ta.

An gama aikin dai da kyar dan mun riga mun sa hannu, a hanya na ba ta haƙuri, abin da ban taɓa yi ba. Muka yi yarjejeniya ni da ita, duk saƙon da ya zo sai na tambaye ta kafin in amsa, in tace a'a shikenan ba zan tambayi dalili ba, in kuma tace eh to ta ɗauki alƙawari sai ta cika dan mutane sun shirya saboda ita. Tun lokacin ta ƙi aiki huɗu ta karɓi uku, kuma ukun nan su suka fi kowanne kyau a hotunanta.

Saboda haka 'yar'uwa mai tambaya, ban ce kar ki saka ɗanki ba, auta ta ƙaru da abubuwa, ta iya gaida baƙo ta kalle shi ido cikin ido, ta iya jira, ta san ana wahala kafin a samu kuɗi. Ɗauki hotonsa da wayarki a jikin bango, nemi ejensin da kika ga aikinsu da idonki kika kuma ji daga bakin wasu iyaye, kar ki ba kowa kuɗi a gaba. In kuma jariri ne ko ɗan shekara biyu da ba zai iya cewa eh ko a'a ba, to kukansa shi ne a'a ɗinsa.

Kai kuma Malam Edita ina da roƙo. Ina ganin tallan masu neman yara 'yan modelin a jaridu da rediyo da shafukan sada zumunta, dan Allah in irinsu suka kawo muku talla ku riƙa tambayarsu rajistarsu da kamfanonin da suka taɓa yi wa aiki kafin ku buga, dan mutane na ganin abu a jarida sai su ɗauka an tantance shi. In da hali kuma ku tura ɗan rahotonku ya shiga irin ɗakin da na shiga ranar Asabar ɗin nan ya ƙirga yara nawa ake cewa ba su dace ba.

Jiya ma ejan ɗin ta kira wai ana neman yarinya mai tsawon auta ranar Laraba. Na leƙa ɗaki na tarar da ita kwance a ƙasa tana haɗa wani jirgin kwali da za su kai makaranta, duk hannunta gam. Na gaya mata, ko ɗagowa ba ta yi ba tace Mama kice musu sai bayan jarabawa, miƙo min almakashin can.

Taku,
Maman auta